Likita, me ya sa sai an ɗebi nama an kai lab kafin a fara wa Umma magani?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Dan Allah tambaya ce da ni akan mahaifiyata. Shekarunta 54, wajen wata biyar kenan ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu, to da yake baya mata ciwo bata gaya wa kowa ba sai kwanan nan. Mun kaita asibiti an yi sikanin, likitan yace bai gamsu da abinda ya gani ba, sai an sa allura an ɗebo ɗan naman wajen an kai lab, kuma wai sakamakon sai ya kai sati biyu ko uku kafin ya fito, bayan nan ma wataƙila a ƙara wani gwajin da kuɗinsa daban. Kawunmu kuma ya hana, yace daji baya son ƙarfe, ana taɓa shi yake bazuwa, haka aka yi wa wata maƙwabciyarmu, ana yi mata aiki bata yi wata huɗu ba ta rasu. Ni dai abinda ban gane ba shine, tunda hoto ya riga ya nuna abun me zai hana a fara mata magani kawai? Kuma wai me ake yi da naman ne har sati uku? Na gode.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah 'yar'uwa. Sannunku da jinya, Allah Ya ba Hajiya lafiya Ya sa kaffara ne.

Amsar a taƙaice ita ce ku bari a ɗebi naman nan, kuma kar ku ƙara jan lokaci, wata biyar ɗin da aka yi ma ya isa. Sauran bayanin yana da ɗan tsawo, ki yi haƙuri ki karanta, in da hali ki karanta wa Kawu shima.

Ni likitan fatoloji ne, irin likitocin nan da mara lafiya bai cika ganin fuskarsu ba, muna can lab ta bayan asibiti, kuma naman da za a ɗeba ɗin hannun irinmu zai zo. Mutane da yawa in sun ji sunan aikinmu feɗe gawa kawai suke tunawa, alhali wannan ɗan kaɗan ne daga cikin aikin, balle ma a nan wajenmu da ba a cika yarda a taɓa mamaci ba. Kusan duk wunina akan naman masu rai yake ƙarewa. Kuma fatoloji ɗin ma ba mu kaɗai bane, akwai masu duba jini, su ne na jinotayif da sikila da sankarar jini, akwai masu auna sinadaran jiki irin suga da aikin ƙoda da hanta, akwai masu neman ƙwayoyin cuta a fitsari da majina da jini, sai mu masu duba nama, wanda a takardar asibiti za ki ga an rubuta histoloji.

Toh me ya sa hoto bai isa ba? In kin taɓa shiga kasuwar hatsi irin Dawanau, mai saye tun daga nesa yana ganin buhu, ya san girmansa, ya san ya cika ko da saura, amma ba zai zaro kuɗinsa ba sai ya soka ƙarfen nan mai rami ya zubo 'yan ƙwayoyi a tafin hannunsa ya ga gero ne ko maiwa, sabo ne ko ƙwari sun gama da shi. Sikanin buhun yake nuna mana. Zai ce ga ƙari nan, ga girmansa, ruwa ne a ciki ko tauri gare shi, gefensa sumul yake ko ya yi ƙaya-ƙaya, kuma likitan hoto da ya ƙware yana iya cewa wannan ina zarginsa sosai. Amma zargi ne, sunan cutar baya fitowa a hoto.

Abubuwan da ke yin ƙullutu a mama suna da yawa. Akwai wanda muke kira fayibro'adinoma, ƙari ne mara illa da ya fi yawa a 'yan mata da matasan mata, yana gudu a ƙarƙashin yatsa in an taɓa. Akwai jakar ruwa. Akwai kitse da ya daskare bayan mutum ya bugu, shi wannan a hoto har kama yake da kansa sosai. Akwai tsohon maruru da bai warke daga ciki ba. Har tarin fuka yana kama mama, mutane suna mamakin wannan, sun ɗauka tibi a huhu kawai take zama, alhali tana shiga kaluluwar wuya da ƙashin baya da hanji da mama ma, kuma maganinta ƙwayoyi ne na wata shida da ake bayarwa kyauta. Ki duba irin asarar da za a yi in aka cire wa mace mama gaba ɗaya ko aka ɗora ta kan kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa masu ƙarfi, daga baya a gano tibi ce. Yawancin ƙullutun mama in aka haɗa duka shekaru ba kansa bane. Amma ba zan ɓoye miki ba, mace mai shekara 54, ƙullutu mai tauri da baya ciwo, ga likita yace bai gamsu da hoton ba, wannan dole a ɗauke shi da muhimmanci har sai an tabbatar ba ita bace. Kuma rashin ciwon nan ba alamar lafiya bane, sankarar mama a farkonta galibi bata ciwo, shi ya sa take yaudarar mata.

Yanzu maganar Kawu. Ban raina maganarsa ba, don na san daga inda ta samo asali, kuma ba shi kaɗai yake faɗa ba, kusan kowane gida akwai mai labarin wata da aka taɓa ta rasu. Abinda ke faruwa shine matanmu da yawa basa zuwa asibiti sai abun ya yi wata da watanni ko shekara, an sha jiƙo, an yi hayaƙi, an shafa abu mai cin fata har wajen ya fashe ya zama gyambo, a lokacin cutar ta riga ta bi jini da hanyoyin kaluluwa ta sauka a huhu ko hanta ko ƙashi, sai dai ba a gani daga waje. Sai a zo asibiti a yi aiki, bayan wata uku ko huɗu Allah Ya yi mata rasuwa, sai a ce ai ƙarfen ne. Ƙarfen ya zo ne a makare. Akwai kuma wani abun da ke ƙara wa maganar ƙarfi, wato a je inda ba ƙwararru ba a yanke rabin ƙarin a bar rabi, a jefar da naman ba a gwada ba, a sallami mace ba kemo, ba gashi (wato ƙona cutar da hasken na'ura), ba komai, bayan 'yan watanni abun ya dawo a kan tabon ya fi na da muni. Wannan laifin mummunan aiki ne da rashin gwaji, kuma shine ma dalilin da ya sa muke dagewa a fara da allura. Allurar da ake maganar kaurinta wajen milimita 2 ne, ana kashe wajen da allurar kashe zafi tukunna, a zaro 'yan siraran nama uku zuwa biyar, a liƙa filasta ta koma gida a ranar. Eh, a littafi akwai yiwuwar 'yan ƙwayoyin cutar su maƙale a hanyar da allurar ta bi, amma abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, kuma in an zo tiyata ana haɗawa da wajen a cire, ko gashi ya ƙone su. A ƙasashen da mata suka fi tsira daga sankarar mama, kusan kowacce sai da aka yi mata wannan allurar kafin a fara komai.

Sai tambayarki ta me muke yi da naman. Ana zaro shi ake jefa shi cikin wani ruwa mai warin tsiya da ake kira fomalin, mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari. Dalili kuwa nama yana rabuwa da jiki yake fara ruɓewa, ƙwayoyin halittarsa su fara narkar da kansu, fomalin ɗin ne ke tsayar da su yadda suke. Naman mama ana so ya shiga ruwan cikin awa ɗaya da cirewa, ya zauna a ciki aƙalla awa 6, kar kuma ya wuce awa 72. Ruwan baya ratsa nama da sauri, wajen milimita ɗaya yake ci a awa, shi ya sa in babban nama ne irin mama gaba ɗaya sai mun tsattsaga shi don ruwan ya kai ciki, in ba haka ba waje ya yi kyau tsakiya ta ruɓe.

Daga nan sai in zauna gaban tebur da wuƙa da ma'auni, in duba sunan da ke jikin kwalba ya yi daidai da na takarda, in ƙirga guda nawa ne, in auna tsawon kowanne, in rubuta launinsa, fari ne ko ruwan ɗorawa na kitse, sannan a sa su cikin wani ɗan akwatin roba mai lamba. Akwatin ya kwana a cikin inji yana wucewa daga ruwa zuwa ruwa, sifirit kala-kala ya tsotse ruwan da ke cikin naman, wani sinadarin ya kore sifirit ɗin, a ƙarshe narkakken kakin kyandir mai zafin wajen digiri 60 ya shiga ya cike ko'ina. Da safe a zuba shi a mazubi ya daskare ya zama ɗan dunƙule mai tauri, shi muke kira bulok. Sai masanin kimiyyar lab, wanda gaskiya rabin ingancin aikina a hannunsa yake, ya ɗora bulok ɗin a wani injin yanka yana juya hannu yana fitar da yanka mai kaurin maikiron 3 zuwa 5, maikiron ɗaya kuwa milimita ce aka raba gida dubu, gashin kai ɗaya ya ninka yankan nan fiye da sau goma. Siririn har numfashi yana iya hure shi. A shimfiɗa shi kan ruwan ɗumi ya miƙe, a tsamo shi da gilashi, a busar, sannan a rina, don nama a wannan sirantar bashi da launi, ba abinda za ka gani. Rini biyu ne na yau da kullum, ɗaya daga itacen wata bishiya ta yankin Meziko ake samo shi, yana mayar da cibiyar ƙwayar halitta shuɗi mai duhu, ɗayan kuma ya mayar da sauran jikin ruwan hoda.

Sai a kawo min gilasan a faranti in sa a maikiroskof. Mama lafiyayye in ki ka duba za ki ga hanyoyin nono zagaye-zagaye, kowace hanya da ƙwayoyin halitta layi biyu a jere, na ciki da na waje, girmansu ɗaya, cibiyarsu ƙanana, kowa a mazauninsa. In kansa ce sai tsarin ya watse. Layin wajen nan ya ɓace, ƙwayoyin su fasa su fita suna kutsawa cikin kitse da jijiyoyi, cibiyarsu ta kumbura ta yi baƙi, wata ƙatuwa wata ƙarama, ga waɗanda na kama suna tsakiyar rabuwa biyu nan da can. Wani lokacin kuma ƙwayoyin sun lalace amma har yanzu suna cikin hanyar basu fasa ba, wannan labari ne mai daɗi don kusan duk mai irinsa tana warkewa in an cire. In tibi ce hoton daban ne kwata-kwata, za ki ga wasu ƙwayoyin garkuwar jiki sun yi da'ira, da wasu manya masu cibiya da yawa, tsakiyar ta mutu ta marmashe, sai mu ƙara wani rini na musamman mu nemi ƙwayar cutar kanta. Wani gilashin minti biyu ya isa in san mene ne, wani kuwa sai in ce a ƙara yanko min daga can ciki, in kira abokin aiki mu duba tare, in kwana da shi a raina, don takardar da zan sa wa hannu ita za ta sa a cire wa mace mama ko a bar mata.

In ta tabbata kansa ce aikin bai ƙare ba, sai mun ba ta maki. Abu uku muke dubawa, yadda take ƙoƙarin yin hanyoyin nono irin na asali, yadda cibiyoyin suka munana, da yawan masu rabuwa, kowanne maki 1 zuwa 3. In jimla ta kama 3 zuwa 5 daraja ta ɗaya ce, mai tafiyar hawainiya, 6 ko 7 ta biyu, 8 ko 9 ta uku, mai gaggawa. Kar ki haɗa wannan da mataki, wanda ake cewa mataki na ɗaya zuwa na huɗu, mutane suna yawan rikita su har su tayar da hankalinsu a banza. Daraja halin cutar ne, mataki kuma nisan da ta yi a jiki, shi kuma sai an haɗa da hotuna da abinda aka samu a kaluluwar hammata.

Gwaji na biyun da aka ce muku na kuɗi daban, dan Allah kar ku ɗauka neman kuɗi ne, a ganina ma in kuɗi ya yi ƙaranci gara a rage wani abun a yi shi. Sankarar mama ba cuta ɗaya bace, mata biyu za su zo da ƙari girma ɗaya, a maikiroskof ma su yi kama, amma maganinsu ya sha bamban. Daga bulok ɗin nan dai za a sake yankowa, ba sai an sake taɓa Hajiya ba, a zuba wasu sinadarai da ke manne wa abinda ake nema su ba da launin ƙasa-ƙasa. Abu uku ake nema, a takarda za ki ga ER da PR da HER2. Biyun farko suna nuna ko cutar da sinadarin mata na jiki take rayuwa, in haka ne akwai ƙwaya irin tamoksifen da ake sha kullum shekara 5 zuwa 10, ko letirozol ga wadda ta daina al'ada, kuma suna rage dawowar cutar sosai, kuɗinsu ma da sauƙi. In kuma babu su, shan tamoksifen ɗin ba abinda zai ƙara mata sai haɗarin daskarewar jini da matsalar mahaifa, kuma har yau ana samun inda ake rubuta wa mata shi da ka, ba gwaji, abun yana ɓata min rai. HER2 kuwa, wani sinadari ne a jikin ƙwayoyin cutar da ke sa su saurin hayayyafa, ana samunsa a wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu sankarar mama, da can masu shi su ne cutar ta fi yi wa saurin illa, sai a 1998 aka amince da wata allura a Amurka, Herceptin, wadda shi kaɗai take nema ta kama. Tana da tsada matuƙa, galibi shekara guda ake yi ana karɓa, kinga ai bai kamata iyali su sayar da gona su saye ta ba sai an tabbatar akwai abinda za ta kama. In duka ukun babu, wannan nau'in kemo ne babban makaminsa, kuma an lura ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, duk da cewa naman da bai samu fomalin da kyau ba shima yana iya fitowa babu-babu alhali akwai, zan dawo kan wannan.

Akwai kuma wata fa'idar ta fara sanin sunan cutar kafin wuƙa. Sau da yawa yanzu kemo ake fara bayarwa ƙarin ya motse tukunna a yi tiyata, wani sa'in ma har a iya tsira da maman ba a cire duka ba. Bayan tiyatar naman zai sake zuwa wajenmu, mu shafa wa gefunansa tawada mu duba ko an cire shi tas ko cutar ta taɓo bakin yanka, mu tsinto kaluluwar hammata ɗaya bayan ɗaya daga cikin kitse da yatsa mu ƙirga nawa ta kama. Da wannan likitan sankara zai yanke ko za a yi gashi.

Maganar sati uku kuma, gaskiya shi kansa aikin baya cin haka. In komai na tafiya daidai kwana uku zuwa bakwai ya isa. Sauran jira ne. Ba kowane asibiti ke da lab ɗin nama ba, yawanci sai an ɗauka zuwa manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato ko Maiduguri ko Jos, ko wasu lab masu zaman kansu, kinga tafiyar ma kwanaki ce. Sinadaran daga waje ake sayo su da dala, gwaji na biyun nan sau da yawa sai an tara mutane da dama a yi musu lokaci ɗaya don kar a yi asarar kaya, ga wuta, inji in ya fara aikin dare baya son a katse shi. Sannan mu ɗin bamu da yawa. Wata ƙididdiga da aka buga a 2013 ta nuna in aka cire Afirka ta Kudu da Botsuwana, ƙasashen Afirka kudu da Sahara basu da ko likitan fatoloji ɗaya ga mutum dubu 500, ga kuma masu tafiya waje. Amma sati biyu ko ukun nan ba shine zai canza mata lissafi ba, watannin da ake yi ana shawara a gida su ne ke canzawa.

Tunda kin tambayi amfanin aikin, bari in ɗan fita daga kan mama kaɗan, don da yawa daga abinda likitoci suka sani game da cuta ta wannan hanyar aka san shi. Wani Bajamushe Rudolf Virchow ne a 1858 ya kafa maganar cewa cuta daga ƙwayoyin halitta take farawa, a can za a neme ta. Ki ɗauki olsa da ta addabi mutanenmu. Shekara da shekaru ana cewa yunwa ce da tunani da yaji, ana ba mutane madara da maganin kashe zafin ciki, wasu har a yanke musu wani ɓangare na tumbi. Wani likitan fatoloji a garin Perth na Ostireliya, Robin Warren, shi ya riƙa ganin wasu lanƙwasassun ƙwayoyin cuta a naman tumbin da ake kawo masa tun 1979, a lokacin da kowa ya yarda ba abinda zai iya rayuwa a cikin tsamin tumbi. Abokin aikinsa Barry Marshall har shanye ƙwayoyin ya yi a 1984 ya kamu, don a yarda. A 2005 aka ba su kyautar Nobel, yau kuma sati biyu na haɗin ƙwayoyi yana raba mutum da olsar da ya yi shekara goma da ita. Ko tsargiya, fitsarin jinin nan da yaran da ke wanka a kududdufi da madatsun ruwa ke yi har wasu ke ɗauka alamar balaga ce. A 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira yana binciken gawa, kuma a gilashi muke ganin ƙwayayenta masu ɗan tsini a ƙarshe sun nutse a bangon mafitsara, shekaru suna cin wajen har ya rikiɗe ya zama sankarar mafitsara, abinda 'yan ƙwayoyin firazikwantel tun yaro yana ƙarami za su hana. Haka kumburin muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, naman da ya riƙa aikawa Landan ne aka gano bairos na farko mai jawo kansa a ɗan Adam a cikinsa a 1964. Muna ganin wannan cutar a nan ma, a ido abin tsoro, fuskar yaro ta kumbura cikin 'yan makonni, amma tana daga cikin masu saurin jin kemo in an san ita ce.

Toh in koma kan abinda nace zan dawo kansa, don a nan ne ku 'yan jinya kuke da hannu. A wurare da yawa ku za a miƙa wa kwalbar a ce ku kai lab. An sha kawo min nama a cikin ruwan ƙarin ruwa, ko a sifirit, ko a ƙulle a leda ba komai, wani ma a firiza aka ajiye shi kwana biyu don kar ya lalace, ƙanƙara ta farfasa ƙwayoyin, in sa a maikiroskof in ga dusa kawai, dole in rubuta ba zai karantu ba, ga mara lafiya an riga an yanka ga kuɗi ya tafi. Don haka ki tambaya da bakinki, fomalin ne a ciki? Ruwan ya ninka naman wajen sau goma ya rufe shi ruf. Kar a sa a firiza, kar a bar shi a rana ko a but ɗin mota. A tabbatar sunanta da lambar katinta suna jikin kwalbar ba a murfi kawai ba, takardar kuma likita ya cike ta da shekarunta da gefen da aka ɗeba da ranar da lokacin. A kai a ranar, in ya gagara washegari da sassafe, kar a ce sai an haɗa kuɗi nan da sati, gara a kai a ajiye a wajensu a yi maganar kuɗin. Kar kuma a raba naman gida biyu a kai lab biyu wai don a gwada gaskiyarsu, cutar tana iya kasancewa a rabi ɗaya kawai. In likita yana zargin tibi shi da kansa zai ware wani a ruwan gishiri don fomalin yana kashe ƙwayar, wannan aikinsa ne ba naku ba.

Na san kuma al'adarmu in an cire wani abu daga jikin mutum ana so a binne, kuma da yawa haka ake yi, daga tiyata sai rami, ba a gwada ba. Ni dai roƙona duk abinda aka cire daga jiki, ƙari ne, maƙoƙo ne, mahaifa ce, ko ɗan tsiro ne a fata, a fara kai shi lab. Mu kaɗan muke ɗiba, ku gaya musu tun farko kuna son ragowar in an gama.

In sakamako ya fito ki yi masa hoto a waya ki adana, musamman lambar lab ɗin da ke sama. Bulok ɗin nan ana ajiye shi shekaru baya lalacewa, da wannan lambar za a nemo shi in ana son gwajin ER da HER2 daga baya, ko in an tura ku wani asibitin suna son nasu likitan ya sake dubawa, kuma haƙƙinku ne ku nemi hakan, ba rashin kunya bane. Kar ki zauna ke kaɗai kina binciken kalmomin takardar a intanet da tsakar dare, ki kai wa likitan da ya tura ku ya fassara muku ke da Hajiya da Kawu a zaune. Kafin ranar allurar kuma, in tana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ko tana da suga ko hawan jini, ku gaya wa likitan tun kafin a fara, kuma ku tafi da hoton sikanin ɗin da aka yi.

Allah Ya sa a ji alheri.